Tattabarun da Asake Ta Zo da Su

Litinin, bayan la'asar

Matata, Iya Nimota, ta zuba gishiri a koko. Na kurɓa, na dube ta, na ce, "Yau kuma wane laifi na yi?" Ta ce ba gishiri ba ne, harshena ne ya tsufa. Na shanye tas. Ba zan bari ta ce na raina hannunta ba, hannun da muka sha wuya kafin ya dawo.

Ita ta sayo mini wannan littafi. Ta ce kunnenta ya gaji da mitata, in riƙa zuba wa takarda, takarda ba ta da wanki ba ta da girki. Ita ce ma ta koya mini baƙaƙen, da gawayi a bangon baranda, shekarar da masu biki suka fara cewa sai an saƙa musu suna a jikin zane. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Ƙanenta Lasisi ya gama firamare, ga shi can ƙauye yana noman rogo kamar kowa.

Mitar yau: zare ya yi tsada, ɗan acaɓa ya watsa mini ruwan kwata, ita kuma tana ɗaure kai tamau kamar bakin buhu, in na tambaya ta ce ba komai. An kwana biyu ana haka. Na ce rana ce.

Laraba, da hantsi

Na watsa wa tattabaru dawa, duk sun sauko. Tukwanensu na nan rataye a ƙarƙashin kwano, saman tagar ɗakinmu, inda suke tun ranar da aka kawo Iya Nimota tana amarya. Uwarta ce ta haɗo ta da guda biyu a kwando, ta ce tattabara ba ta cin hatsin gida ta gudu ranar wuya. A zuriyarsu ba a yanka su, ba a korar su. In suka watse daga gida, to mai su ne ke kan hanya. Haka tsohuwar ta faɗa, ni kuma ban taɓa ganin dalilin gwadawa ba.

Akwai wani baƙin namiji mai haɗama, mai ture kowa daga hatsi. Na sa masa Lasisi. Ke nan akwai Lasisi na sama, akwai Lasisi na ƙasa. Na ƙasan ya daɗe yana cewa gadon uwarsu ne, in ba shi ko biyu. Ko gashin fiffike ba zai gani ba. Ranar da na kwanta rub da ciki gaban danginsu ina neman aure, yana yaro da majina a hanci, shi ne ya ɗaga murya ya ce, "Ku ga ƙafafu kamar sandar masaƙa." Har liman sai da ya yi dariya. Tun daga ranar ƙafafun nan ba su taka gidansa ba.

Iya Nimota ta leƙo ta taga ta ce, "Baba Nimota, yaushe suka ƙaru haka? Kowace ta zama biyu." Na ce albarka ce. Ta ja tagar ta rufe, ta ce haske na sukar idonta.

Alhamis, bayan azahar

Ta kira ni Lasisi. Ni. A gidana, a bakin masaƙata. Na ce, "Wa kika ce?" Ta dube ni ta daɗe, sannan ta ce, "Kai ne dai." Ban ci amalar rana ba, don ta san na ji haushi. Ba ta ma lura ba.

Juma'a, kafin masallaci

Bari in rubuta zancen hannun, don yaran yanzu ba sa riƙe alheri. Shekarun baya yatsunta sun kumbura sun karkace kamar ɗanyar citta. Da safe ba ta iya riƙe kofi. Ni nake ɗaura mata zane, ni nake ɗaura mata ɗankwali, har matan unguwa suka fara zuwa koyo a fakaice. Mun sha sassaƙe, mun sha rubutu, mun shafa man da ko akuya ba ta iya tsayawa kusa da shi. Sai Nimota, 'yarmu da ke koyarwa a Ibadan, ta kai ta wurin likitan gaɓoɓi. Aka ba ta ƙwaya ta kowace Litinin, da wasu ƙanana farare na kullum. Hannu ya dawo.

Da ranin nan da ya wuce, ranar da ta ga yatsu sun miƙe, me ta fara yi? Ta kifa turmi ta hau, ta sauko da tukwanen nan ɗaya bayan ɗaya, ta kankare su ƙal, ta share, ta tankaɗe busasshen kashin ta kai wa barkononta taki. Ta fito fari fat kamar mai aikin injin niƙa, tana tari tana dariya. Ta ce, "Shekara nawa ka bar min su cikin ƙazanta, malalaci." Na zauna ina kallonta. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yau ta yi amai sau biyu.

Asabar, da yamma

Nimota ta zo. Ta durƙusa ta gaishe ni da gwiwa ɗaya, ɗayar tana hanyar ɗaki. Ta fito ta ce, "Baami, tun yaushe take haka?" Na ce ciwon kai ne. Ta ce, "Ba ta san sunana ba, Baami." Na ce ni ma shekaranjiya Lasisi ne, ban mutu ba.

Ta ɗauko mota. Ban hana ba. Na shiga baya na ɗora kan uwarta a cinyata, don direban nan bai san rami ba sai ya faɗa ciki.

Lahadi, da hantsi, asibiti

Suna so su ɗebi ruwan bayanta da allura. Na ce ba a taɓa ruwan bayan mutum. Abokina Buraimo an ɗebi nasa da safe, da la'asar muna haƙa. Nimota ta ce, "Ba allurar ce ta kashe shi ba, latti aka yi. Mu ma lattin kake so mu yi?" A gaban mutane ta faɗa mini haka. Yarinyar da na goya a bakin masaƙa.

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na fita na je na duba wata bishiyar mangwaro da ke bakin ƙofa. Ba su iya sassabe ba a nan.

Lahadi, bayan la'asar

Iya Nimota ta buɗe ido bayan an ɗiba. Ta ce kan ya yi sauƙi kamar an sauke mata tulu. Sannan ta ce, "Ka ba su dawa?"

Talata, da safe

Likitar yarinya ce, ba ta kai Nimota ba, amma ta gaishe ni yadda ya kamata. Ta zaunar da mu. Ta ce ciwon gaɓoɓin nan, masu gadin jikin mutum ne suke juyowa su doki mai gida. Ƙwayoyin da ake ba Mama suna sa masu gadin gyangyaɗi, shi ya sa hannu ya huta. Amma in mai gadi ya yi gyangyaɗi, wanda da ba ya iya shiga sai ya shiga. Ta ce wani irin fumfuna ne, ido ba ya ganinsa, ana shaƙarsa da ƙura, ya zauna shiru, sannan ya haura ya kama rigar ƙwaƙwalwa. Sanƙarau ne, amma ba irin mai kwasar yara lokacin zafi ba. Wannan a hankali yake tafiya, kamar gara. Ta ce ni da ita za mu iya shaƙar ƙura ɗaya, ni in yi atishawa in wuce.

Sai ta ce, "Baba, kuna kiwon tsuntsaye a gida?"

Nimota ta juyo ta kalle ni. Na ce kowa a Iseyin yana da kaza.

"Tattabaru fa?"

Na ce akwai 'yan kaɗan.

Ta ce abin yana son busasshen kashinsu. Na ce, "Za ki rantse daga nan ne?" Ta ce, "Ba zan rantse ba, Baba. Yana cikin ƙasa, yana cikin ruɓaɓɓen itace. Amma in ta tashi, wata rana sai mun mayar da ita kan maganin hannu, kuma ba zan so ta kwana ƙarƙashin tukwanen nan ba."

Ba ta rantse ba. A rubuta wannan.

Laraba, magariba, gida

Na dawo in ba su hatsi. Suna nan lafiyarsu lau, ba mai ciwon kai a cikinsu. Barkonon ya yi kyau. Ban tsinka ba.

Likita ba ta rantse ba.

Juma'a, bayan masallaci

Ƙarin ruwan da suke mata rawaya ne kamar manja da aka sirka. In ya fara shiga sai ta kama makyarkyata, gado na ƙara. Na cire agbadata, babbar rigata, na lulluɓa mata. Wata nas ta ce ba a yarda ba. Na ce ni na saƙa ta da hannuna, in akwai bargo a asibitin nan da ya kai ta kauri a kawo in gani. Ba a kawo ba.

Lasisi na ƙasa ya zo da zuma da doya, kamar mai zuwa suna. Ya tsaya a kanta yana share ido da hula. Da ya gan ni ya ce, "Mijin yaya, Sarkin Tattabaru, an ce talakawanka sun yi maka tawaye." Na ce, "Gara nawa, suna da fiffike. Kai me kake da shi ban da baki?" Ya ce, "Ƙafafu masu nama." Nimota ta ce in ba za mu yi shiru ba mu fita. Muka fita. Ya miƙo mini goro a baranda. Na karɓa ne kawai don bakina ya bushe.

Lahadi, da hantsi

An tsayar da ƙwayar Litinin, ƙananan kuma ana rage su, wai a tashi masu gadi. Sun tashi. Abin da suka fara yi, suka koma kan yatsunta. Ga cittar nan tana dawowa. Wannan wane irin ciniki ne, a ba ka hannu a karɓi kai, a ba ka kai a karɓi hannu?

Na ɗaura mata ɗankwali. Ban manta ba. Matar da ke gadon kusa ta ce ko zan ɗaura mata ita ma. Na ce na mutum ɗaya na iya.

Talata, bayan azahar

Yau ta dube ni kamar yadda ake duban mai sayar da magani a mota. Ta ce, "Sannu, Baba. Wa kake nema?"

Na ce ina wucewa ne.

Ta ce, "To zauna, mijina na nan tafe. Kar ka ji tsoronsa, mita ce kawai da shi."

Na zauna. Na ce, "Wane irin mutum ne?"

Ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Ƙafafu kamar sandar masaƙa. Kar ka faɗa masa na ce. Yana riƙe magana kamar yadda kaska ke riƙe kare." Ta taɓa kanta da bayan hannu. "Amma ka ga ɗaurin nan? Shi ne. Duk Iseyin ba macen da ta iya shi."

Na ce da alama mutumin kirki ne.

Ta ce, "Ban ce ba."

Talata, da yamma

Mangwaron nan dai ba su sassabe shi ba.

Laraba

An sake ɗiban ruwan baya. Ni na riƙe mata gwiwa.

Alhamis, da safe

Nimota ta tare ni a bakin famfo. "Baami, sai an kwashe su kafin ta dawo." Na ce likita ba ta rantse ba. Ta ce, "Sai ta rantse a kan kabari?" Ta toshe bakinta da kanta, ta durƙusa, gwiwa biyu wannan karon. Na ce ta tashi, ƙasan asibiti ba tsabta.

Na ce zan mayar da tukwanen bayan gida. Ta ce iska ba ta san gaba da baya ba. Na ce ni zan riƙa sharewa. Ta ce, "Kai da ka san uwata? Ranar da hannunta ya miƙe za ka same ta a kan turmi."

Yaran nan suna ganin kora abu ne mai sauƙi. Ba su ji abin da kakarsu ta ce ba. Mutum na kwance tsakanin nan da can, sai in tashi da hannuna in watsa abin da aka ce in ya watse mai shi na kan hanya? In na bar su, ga abin da likita ta ce. In na kore su, ga abin da tsohuwa ta ce. Ɗaya ba ta rantse ba, ɗayar ta mutu ba a tambayarta.

Amma ta ce "kafin ta dawo". Ba ta ce "in" ba. Na lura.

Asabar, bayan la'asar

Ta san ni yau. Ta ce, "Baba Nimota, ka rame. Wa ke dafa maka?" Na ce ina ci a wurin mai amalar bakin tasha. Ta ce, "Waccan? Miyarta ruwa ce." Na ce ruwa ce tsagwaronta. Ta ji daɗi.

Na sunkuya na kira ta da sunan da uwarta ke mata kirari, wanda ba na faɗa a gaban yara. Na ce, "Asake, ana wata magana a kan mutanenki na sama." Sai da na maimaita, ta juyo da kunnen dama. Ta ce ta ji Nimota na yi. Ta kama hannun rigata da yatsun da ba sa kamawa.

"Kar ka kore su."

Na ce ba zan kore su ba.

"Ka yi alkawari."

Na yi.

Lahadi, da asuba

Na watsa dawa. Na tsaya a ƙarƙashin tagar, ƙura na saukowa cikin haske, siririya, kamar garin alabo. Shekara da shekaru ina ganinta, ban taɓa kallonta ba.

Lahadi, da hantsi

Na zauna a masaƙa ban jefa ƙoshiya ko sau ɗaya ba. Ina tunani. Mutanen da ba su shiga aji ba ma suna tunani, a gaya wa Lasisi.

Mace in ciwo ya yi tsanani a gidan miji, ba takan tafi gidansu a yi jinya ba? Wa ya taɓa kiran wannan kora? Tattabarun nan daga ina suka zo? Daga gidan uwarta. Gidan na nan, an dai sake rufi. Wanda ya je gidansu ganin dangi ba a ce ya watse ba. Rakiya ake yi masa, da goro, a damƙa shi hannun babban gida, a ce ga amana.

Matsalar ɗaya ce. Babban gidan yanzu shi ne mai majina.

Litinin, bayan isha'i

Da magariba suka shiga tukwane, na bi su ɗaya ɗaya na sa a kwanduna, har masu 'yan shila. Na ɗaure hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle kamar yadda Nimota ta ce. Lasisi na sama ya cije ni a yatsa. Hali zanen dutse.

Na yi musu bayani. Na ce ziyara ce.

Talata, da yamma

Na je na dawo. Na sa agbadar Sallah. Na kai goro da namijin goro da kwalbar zuma, tasa ce ma da ya kawo asibiti, bai gane ba.

Yana zaune yana ɓare rogo. Da ya ga kwanduna a bayan acaɓa ya buɗe baki zai yi irin nasa. Sai bai yi ba.

Ba zan rubuta abin da ya biyo baya ba. Al'ada al'ada ce, mai neman alfarma a gidan surukai ya san yadda ake yi, ko da babban gidan ɗan cikinsa ne. Gaban agbadar ya yi ƙasa, sai an wanke. Gwiwata ta hagu kuma ba ta son irin wannan.

Shi ya ɗaga ni, da hannu biyu. Yana cewa, "Haba, mijin yaya, haba, tashi, kar ka ja mini." Na ce, "Amana ce, ba kyauta ba. Ba a yanka, ba a sayarwa. Ka kulle su sai sun saba. Kuma ka jiƙa ƙasa kafin a share." Ya ce ya ji. Muka saka su a tsohuwar rumfar uwarsu, can nesa da ɗakin kwana.

Da zan hau acaɓa ya dubi ƙafafuna ya ce, "Amma fa ba su yi nama ba har yanzu." Na ce ya ci gaba da kallo, su ne suka kawo masa gadon da bakinsa ya kasa kawowa.

Matarsa ta iya miyar ewedu. Gaskiya gaskiya ce.

Laraba, bayan azahar

Na jiƙa komai kafin in taɓa. Bango, taga, ƙasan baranda, har inda barkono yake na kwashe ƙasar na kai rami. Na wanke da ruwan bilic har idona na yaji. A can ƙasan bango akwai harafin farko na sunana, wanda na fara yi da gawayi, ya juya baya kamar mai fushi. Ta hana a goge shi tun lokacin, ta ce ya yi kama da ni. Ya bi ruwa.

Akwai tsingaro da yawa a bayan gida yanzu. Kar a tambaye ni.

Alhamis, da asuba

Shiru. Ban san kwano na da shiru haka ba. Na fito da dawa a hannu, na tsaya kamar wawa.

Na ajiye waya a kan masaƙa. Ban je asibiti ba. In akwai labari, ya same ni a zaune.

Alhamis, da hantsi

Ba ta yi ƙara ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ta yi ƙara. Sai da na bari ta kusa tsinkewa. Nimota ce. Ta ce, "Baami, ta ci eko, agidin nan, rabin ƙunshi, kuma ta ce a gaya maka hularka da ka bari a nan tana wari."

Na ce hular ba ta wari. Na ce a gaya mata haka. Na ce a maimaita mata.

Na jefa ƙoshiya har duhu ya hana ni ganin zare.

Asabar, da safe

Lasisi na sama ya dawo. Ina alwala na ji taku a kan kwano, na ɗaga kai, ga shi yana zagaya inda tukunyarsa take da, yana leƙe. Na ƙasan bai iya ko rufe ƙofa ba. Na san za a yi haka.

Ban jefe shi ba, na yi alkawari. Na kifa kwando da ɗan itace da zare, na zuba dawa. Haɗama ta kai shi ciki kafin in gama addu'a. Na mayar da shi da kaina. Lasisi na ƙasa ya ce tunda na zo sai in ci abinci. Na ci don kar a yi asara.

Talata, bayan azahar

Likita ta ce ruwan baya ya fara washewa. Za a daina mai rawaya, a koma ƙwaya, kuma za ta daɗe tana sha, watanni da yawa. Maganin hannu sai nan gaba, kaɗan kaɗan, suna dubawa. Ta ce duk ranar da kai ya sake ciwo, ko ta ga abu biyu, ko ta kira ni da sunan wani, kar in ce rana ce. Ban san wa ya gaya mata na ce rana ce ba. Na sani.

Ta ce kunnen hagu mai yiwuwa ba zai dawo ba.

Na ce wa likita an kai tattabarun gidansu. Ta ce, "Kin ji, Mama? Baba ya yi ƙoƙari." Iya Nimota ta dube ni. Na ce, "Ziyara suka je. Da goro na raka su." Ta ce, "Wurin wa?" Na ce wurin wanda ke can. Ta ce, "Ka shiga gidan?" Na ce ƙofar a buɗe take. Ta dubi gwiwata, yadda nake jan ta. Ta juya ga bango, kafaɗunta na motsi. Ko dariya ce ko mene ne, ban leƙa ba.

Alhamis

Ya sake dawowa. Na sake mayarwa. Doya da miyar egusi.

Litinin, da yamma

Ta dawo gida.

Na ɗauko ta daga mota, ba ta kai nauyin ƙunshin zare ba. Ta tsaya a baranda ta ɗaga kai ta dubi ƙusoshin da babu komai a jikinsu. Ta dubi bango. Ta ce, "Ka wanke mai fushin." Na ce ya tsufa. Ta ce, "Gobe ka samo gawayi."

Talata, da hantsi

Na shimfiɗa mata tabarma a ɗaki kusa da taga, na ɗaura mata ɗankwali. Yatsun na nan a karkace. Kofi ni nake riƙewa. Turmin kuma na ba maƙwabta aro, ban faɗi ranar karɓa ba.

Muna zaune sai ga taku a kan kwano. Ni na ji, ita ta ga inuwa. Ta ce, "Wane ne?" Na ce ɗan'uwanki ne, na sama. Na tashi na ɗauko kwando da zare. Tana kallo ta taga har ya faɗa.

Ta ce, "Sau nawa ke nan?"

Na ce ban ƙirga ba.

"Kuma kullum kai kake mayar da shi? Da ƙafarka?"

Na ce wa zan aika, wancan ba ya iya riƙe ko kaza.

Ta ce, "Tun ina amarya nake roƙonka ka je ka gaishe da ƙanena. Ashe tsuntsu ya kamata in aika." Sannan ta ce in tafi masa da barkono, in ce ya rage gishiri, ƙafarsa na kumbura.

Na fara gaya mata abin da ke raina game da Lasisi, da direban Nimota, da nas ɗin bargo, da mai amalar tasha. Ta ɗaga hannu. Ta ce, "Tsaya, Baba Nimota. Allah ya yi maka gata. Ga wannan kunnen," ta nuna na hagu, "na bar maka shi halak malak. Zauna ta nan ka yi mitarka har Mahadi ya bayyana, ka huta da sayen littafi."

Na zauna ta hagun. Na yi mai isata. Tana ta gyaɗa kai tana kallon bango, fuskarta kamar mai jin wa'azi.

Da na gama ta ce, ba tare da ta juyo ba, "In kuma akwai wata maganar da ba mita ba, sai ka zagayo."

Tsuntsu na ta buga kwando a waje. Acaɓa na jira.

Na zagaya.